Kwarin Kwanon Manaja

Ni dai har na tsufa ban taɓa sanin ana zaɓar wa ruwan sama inda zai sauka ba, sai da maƙwabcinmu Manaja ya tashi canja kwanon gidansa. Ku gyara zama, don abin nan ba ji na yi a bakin wani ba. Ta tagar ɗakin girkina na gani, tagar nan kuwa ko labule ba ta da shi.

Kada ku tambaye ni manajan mene ne shi, ban sani ba. Ya dai fita da safe da jaka, ya dawo da yamma da jaka, kuma duk wanda bai ce masa Manaja ba, to kunnensa ba ya jin gaisuwar. Mutum ɗaya ce a duniya take ce masa Auta ya amsa, ko da a ciki-ciki ne, ita ce yayarsa da ta goya shi har bayanta ya saba da nauyinsa. Tela ce. Tana zaune a wani ɗan gajeren ɗaki da ya jingina da bangon babban gidan ta baya, ƙofarsa tana kallon lungunmu. Mu ma duk Yaya muke ce mata.

Tsohon kwanon gidan ba ya yoyo, gaskiya ɗaya ce. Laifinsa guda, mutumin da ke kallonsu a tsallaken titi ya ɗora sabo, ja, mai tsini. Tun daga ranar Manaja ya daina cin abinci da daɗi. Ba a yi wata biyu ba sai ga babbar mota ta sauke katako da dogon kwano shuɗi, mai sheƙi har yana kashe ido.

Kafintan da aka ɗauko dattijo ne, fensir a bayan kunne, ƙusa a baki, magana ɗaya-ɗaya. Ranar da zai fara kafa katako ya sauko daga tsani, ya tofar da ƙusoshin a tafin hannunsa, ya ce, “Yallaɓai, kafin in buga ko guda, akwai magana. Ka ga rufin nan fiffike biyu ne, inda suka haɗu kwari ne. Duk ruwan da ya zuba a kan gidan nan ta maƙogwaro ɗaya zai fita. Ina kake so in kai bakinsa, gaba ko baya?”

Manaja ya dubi gaban gida. Ga sabon daɓen da aka shimfiɗa, ga mota a rufe da mayafinta kamar mai jin sanyi, ga furannin matarsa a jere a tukwane.

Ya ce, “Gaba? A kan daɓen nan? Haba, malam. Kai shi baya, ba kowa a baya.”

A daidai lokacin keken Yaya yana ta gudu, ƙar-ƙar-ƙar, har kan titi ana ji.

Kafinta ya karkata kunne. “Na ji kamar ana ɗinki a bayan.”

“Ai Yaya ce.”

“To, Yallaɓai, ɗakinta daidai ƙarƙashin bakin kwarin yake. Kwanonta kuma ya kwana biyu, ba zai ɗauki wannan duka ba. Sai dai a sa gata, wato indararon kwance a leɓen rufi, ta tare ruwan, a ja bututu ta gefen gida ya fito gaba ya faɗa kwata.”

“Bututu a fuskar gidana? Yana zuba kamar hancin mai mura? Kai aka ɗauko ka gyara mini gida ko ka ɓata?”

“Ni dai na faɗa.”

“Na ji. Za a duba daga baya.”

Kun san wannan “za a duba” ɗin. Ni na girme shi, amma ban taɓa ganin ranar da ya cika ba.

Aka shiga aiki. Kwana tara ana luguden guduma, kaina har ya saba, ranar da aka daina sai na ji kamar an yi mini sata. Ana miƙa kwano falle-falle, a jera, a ɗora leɓen wannan kan na wancan, a bi da ƙusa mai hula. Tsanin nan kuwa ba a jingina shi ta gaba ba, kada ya karce fenti. A kan rufin Yaya aka kafa shi. Ta nan ake hawa, ta nan ake sauka, ƙatti shida da takalmansu, har tsohon kwanon nata ya loɓa a tsakiya kamar katifar da ta gaji.

Ita kuwa baiwar Allah murna take yi. Ta cika buta da ruwan sanyi ta miƙa wa ma'aikata, ta leƙo ta tagata tana cewa, “Maƙwabciya, kin ga Autana? Yaron da ko ɗaure takalmi bai iya ba, yau shi ke ba kafintoci umarni.”

Na ce, “Na gani, Yaya. Allah ya sanya alheri.”

Ran da aka gama, Kafinta ya tara ragowar kwano a gindin bango, ya ce wa Manaja, “Wannan ta ishi gatar har ta yi saura. Na ma lanƙwasa guda biyu. Aikin rabin yini ne, ka ce in zo gobe.”

“Bar su nan, zan neme ka.”

An kuwa yi amfani da su, ba a bar su sun lalace ba, kada in yi wa mutum ƙarya. Sati bai zagayo ba aka gina wa janareta ɗan ɗakinsa, aka rufa masa ragowar kwanon nan shuɗi, har da 'yar ƙofa da kwaɗo. Madam, matar Manaja, ta yi mini bayani da bakinta: janareta ba ya son danshi ko kaɗan.

Ruwan farko da la'asar ya zo. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin, iska ta kaɗa, sai ya kece. Na tashi in rufe taga, sai na tsaya da hannu a kan marfi. Jama'a, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Ruwan da ya zuba a kan duk faɗin gidan nan ya tattaru a kwarin, ya fito da kaurin cinyar babban mutum, ya yi tsalle ya dira a tsakiyar kwanon Yaya. Ƙarar kamar ana juye tsakuwa daga mota. Ina kallo ƙusoshi suna ɗagowa ɗaya bayan ɗaya.

Da aka ɗauke na zaga. Na same ta tsaye a tsakar ɗaki, ruwa har idon sawu, ta rungume kan keken ɗinkinta da ta lulluɓe da zanen jikinta. Zaruruwa suna iyo, ja da kore da fari. Ta dube ni ta yi 'yar dariya, ta ce, “Maƙwabciya, kin zo da kwale-kwale ko a ƙafa kika tako?”

Da yamma ta bi ta ƙofar ɗakin girki ta shiga wajen ƙanenta. Ni na raka ta, don gwiwarta ba ta son matakala. Muka same shi a falo ya miƙe ƙafa yana kallon silin, baki har kunne.

Ya ce, “Yaya, kin ji ruwan nan? Ko ɗigo ɗaya! Aiki ya yi kyau.”

“Ya yi kyau, Auta. Ɗigon duk suna wajena, na ajiye maka su.”

Ta faɗa masa abin da ya faru, a hankali, ba faɗa. Ya saurara yana girgiza kai irin na mai tausayi, sannan ya ce, “To ai kin ga matsalar. Kwanonki ne ya tsufa. Nawa sabo ne, ba ruwansa da yoyo.”

“Shekara nawa ina ƙarƙashinsa bai taɓa jiƙa ni ba.”

“Ai tsufa rana ɗaya yake bayyana, Yaya. Bari zan kira Kafinta.”

Madam ta leƙo daga ciki ta ce, “Ayya, Yaya, sannu. Amma don Allah a ɗan tsaya daga bakin kafet, ƙafar da laima.”

Washegari sai ga alheri ya iso ɗakin baya. Bokiti uku sababbi, da baho ɗaya babba, Madam da kanta ta kawo, ta jera su a ƙofa ta ja da baya tana kallo kamar ta gina asibiti. Ta ce, “Kin ga, ba za a ce muna gida ɗaya ban kula ba.”

Yaya ta yi godiya. Me za ta ce?

Daga nan rayuwarta ta koma kallon sama. Da ta ga gajimare ya fara duhu sai ta tsayar da keke, ta naɗe kayan mutane ta cusa a leda, ta ja gado zuwa kusurwar da ba ta fara zuba ba tukuna, ta jera bokitai. Gadon nan ya zaga ɗakin kaf, ba kusurwar da bai gaisa da ita ba. Idan an fara ruwa, ta cika ta zubar, ta cika ta zubar, mace mai shekara sittin da ɗoriya, har hannunta ya yi fari ya yamutse.

Ana cikin haka Madam ta gano wani abu. Ta zo ta tarar da baho cike, ta tsoma yatsa, ta ce, “Laa! Yaya, zubarwa kike yi? Ruwan sama fa! Ba abin da ya kai shi fitar da kumfa. Ashe arziki muke ta asara.”

Kafin yamma an mirgino durom biyu an kafa a ƙofar Yaya. Tunda dai ruwan wajenta yake taruwa, kuma tunda zaune take ba inda za ta, sai ta riƙa juyewa a ciki maimakon ta zubar a lungu. Haka Yaya ta sami sabon muƙami a gidan, ba tare da ta nema ba. In an kwana biyu durom bai cika ba, har a aiko a ji ko lafiya.

Na ce mata, “Yaya, ki ƙi mana.”

Ta ce, “In ƙi in ce me? Ruwan ai ko na ƙi zai zo.”

Wata rana ruwa ya shammace ta, ba hadari ba iska, rana ma tana haske. Tana cikin yanka wani farin yadi mai tsada na wata mata da za ta yi tafiya, sai ga ruwan tsatsa ya tsiyayo ta ramin ƙusa ya zana jan layi tun daga wuya har ƙasa. Ta wanke, ta sake wankewa, ta jiƙa, ta shanya. Layin nan ya ce yana nan daram. Matar ta zo, ta ɗaga yadin ta duba, ta duba rufin, ba ta yi faɗa ba. Ta dai ce, “Iya, ba ni sauran kayana.” Ita ta fara. Labari kuwa a lungu ba ya buƙatar mota. Kafin wata ya ƙare, ƙusoshin bango da Yaya ke rataye kayan mutane sun zama fanko, sai fumfuna da ta yi musu kore.

Ta sake komawa wajen ƙanenta.

“Auta, ina maganar Kafinta?”

“Wallahi Yaya ba ya ɗaga waya. Kin san mutanen nan, da sun gama aiki shi ke nan.”

Bayan sati biyu ta sake.

“Yaya, ko ya ɗaga, wa zai hau rufi da damina? Santsi fa. So kike wani ya faɗo a ce a gidana?”

Ta sake.

“Haba Yaya, wasu addu'a suke yi a ba su ruwan nan. Rahama ce fa.”

“Rahama ce, Auta. Amma ko rahama a raba ta mana, kada mutum ɗaya ya kwashe.”

Bai yi dariya ba. Ya ce ta cika ƙorafi tun suna yara.

Ran nan na ji muryarta ta canja. Tari take, irin mai fitowa daga can ƙasan ƙirji, ta yi ta yi har ta dafa bango. Katifarta ta daɗe da daina bushewa, in ka danna sai ta yi maka kuka. Ƙofa ta kumbura ba ta rufuwa. Na ce mata ta roƙi ɗakin baƙi, tunda yana nan a kulle, ba baƙon da ya taɓa kwana a ciki tunda aka gina shi. Ta yi ta jan ƙafa, da ƙyar ta yarda.

Madam ce ta amsa, Manaja yana gefe yana danna waya. “Yaya, muddin ƙanenki na da rai da lafiya, ɗakin nan naki ne. Amma idan baƙo ya zo fa? Kuma ke ai ba baƙuwa ba ce, 'yar gida ce. A sa 'yar gida a ɗakin baƙi? Mutane su ce mun mayar da ke bare? Ni ba zan iya wannan rashin mutuncin ba.”

Kun ji yadda aka kare mata mutunci. Aka ba ta ƙwayar maganin mura guda huɗu a takarda, aka ce ta riƙa shan ruwan ɗumi.

Kwana uku bayan nan sai ga Kafinta a lungu, ya zo aiki wani gida ya ce bari ya leƙo. Ya tsaya ya ɗaga kai ya dubi bakin kwarin, ya dubi kwanon Yaya da ya zama kamar rariya, ya cire hularsa ya mayar. Yaya ta ce, “Malam, ashe kana gari? An ce ba ka ɗaga waya.”

Ya zaro 'yar wayarsa daga aljihu ya nuna mata kamar ita za ta ba da shaida. “Iya, wayar nan ko kuskuren lamba na ɗaga. Ba wanda ya kira ni.”

Ya jira Manaja a bakin ƙofa har ya dawo daga aiki. Ina ji ta kan katanga.

“Yallaɓai, a ba ni izini in sa gatar nan. Akwai guntayen kwano a shagona, zan kawo. Tsohuwar nan ƙirjinta ya fara kuka.”

“Wa ya kira ka?”

“Ba kowa. Aikina ne yake cutar da mutum, shi ya kira ni.”

“To ka ji, gidana ne. Yayata ce. Ka fi ni sonta ne? Bututun nan na ce ba na son sa a fuskar gida, ana nan ana nazarin wata hanya. Tari kuwa sanyin tsufa ne, kowace damina tana yi.”

Ban taɓa jin ta yi tari da damina ba, shekara ashirin muna katanga ɗaya. Amma wa ya tambaye ni? Kafinta ya zaga baya, ya ɗan toshe abin da zai toshu da leda da duwatsu, ya ce, “Iya, ki yafe mini. Wannan ba zai kai ruwa biyu ba.” Bai kai ba kuwa.

Wata safiya ban ji motsinta ba har rana ta ɗaga. Na tura ƙofa na same ta kwance, jiki kamar garwashi, numfashi yana fita da ƙyar da ƙara. Na buga ƙofar ɗakin girkinsu, aka ce Manaja yana taro ba a katse shi, Madam kuma ba ta iya tuƙi a kan hanya mai laka. Ni da wata maƙwabciya muka kama ta, muka sa ta a tasi ta bakin lungu.

Likita ya sa abin sauraro a bayanta, ya daɗe, sannan ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “A ina matar nan take kwana? A rijiya?”

Na ce, “Kusa da nan ne, likita.”

Aka ba ta gado. Huhu biyun duk sun kamu.

To, ga inda abin ya ba ni dariya, irin dariyar da ke sa hawaye. Yaya tana asibiti ba mai tare ruwa, ba mai zubarwa. Ruwa ya cika ɗakin ya kwanta, ya rasa wanda zai dama, sai ya shiga bango. Bangon nan kuwa ɗaya ne da na ɗakin barcin Manaja, kuma a jikinsa aka jingina babban kwabet ɗin da Madam ke ajiye kayan sawarta. Ran da ta buɗe don ta shirya zuwa wani taro, ihun da ta yi har na saki ludayi, na ɗauka wuta ce. Takalmanta ne. Ƙafa goma sha wani abu, duk sun yi gashi fari da kore, wasu sun buɗe baki.

Washegari tun kafin in ɗora ruwan shayi na ji guduma. Wayar Kafinta ta warke, santsin rufi ya warke, nazari ya kammala. Ga gata, ga bututu ya bi gefen gida ya fito gaba ya faɗa kwata, an shafa masa shuɗin fenti, in ba an nuna maka ba ma ba za ka lura da shi ba. Kafin azahar an kwashe tsani.

Da yamma Manaja ya zo asibiti, karo na farko, da abokan aikinsa biyu da ledar lemo. Ya tarar da ni, ya tarar da Kafinta ya riga shi zuwa dubiya. Ya tsaya a kan Yaya ya ɗaga murya yadda duk ɗakin za su ji.

“Yaya, albishirinki! Na sa an yi miki gata. Na ce ko me za a yi, yayata ba za ta sake jiƙewa ba.”

Abokan suka ce, “Kai, Manaja, Allah ya saka. Ba kowa ke riƙe 'yan uwa haka ba.”

Yaya ta buɗe ido a hankali. Ba ta dube shi ba, Kafinta ta duba. “Malam, awa nawa aikin ya ci?”

Kafinta ya sunkuyar da kai. “Uku, Iya.”

“Uku.” Ta yi tari, aka ba ta ruwa, ta huta. Na riga na ba ta labarin kwabet tun da rana. Ta ce, “Auta, ai da ka faɗa mini tun farko. Da na san takalmi ake yi wa gata, da na roƙi Madam ta ba ni wuri a cikin kwabet.”

Matar da ke gadon kusa ta ja bargo ta rufe baki. Manaja ya ce wa abokansa zazzaɓi ne yake sa ta sambatu.

Sati uku ta yi. Ranar sallama likita ya kira Manaja ya ce masa, da babbar murya, matar nan kada ta kuskura ta koma ɗaki mai danshi, in ta koma ba ya ɗaukar alhaki. Ban taɓa ganin mutum ya karɓi umarnin likita hannu bibbiyu kamar yadda Manaja ya karɓi wannan ba. Har maimaitawa ya yi don kada ya manta.

Ashe kafin nan an gyara ɗakin. An ɗora masa sabon kwano, an kankare bango, an yi fenti, an kafa katakai hawa-hawa. Ya bushe ƙayau. Sai dai likita ya ce kada ta koma, su kuma ba masu saɓa wa likita ba ne. Madam ta ce ai danshi yana ɓuya a cikin bulo har shekara, ido ba ya gani. Saboda haka, don lafiyar Yaya, an yanke shawara ta koma wajen 'yar ƙanwarta da ke aure a wani gari mai nisa, mai 'ya'ya shida a ɗaki biyu. An ce iskar can ta fi bushewa. Ɗakin kuma, don kada ya zauna haka nan, an zuba masa akwatunan Madam da takalman da suka tsira. Su danshin da ke ɓuya a bulo ba ya kama su.

Ba a tambayi Yaya ba. An dai sanar da ita, cikin ladabi.

Daga asibiti aka biyo da ita gida ta ɗauki kayanta, an riga an ɗaure su a buhu biyu. Ta ce ina kekenta. Aka nuna mata shi a gindin katanga. Ta ɗora ƙafa ta taka, ya ƙi motsi. Ta kama hannun ta murɗa da duk ɗan ƙarfin da ya rage mata, ko gezau. Tsatsa ta cinye shi har cikin ciki. Ta shafa kansa sau biyu, ta cire 'yar allurar da ta rage a jiki ta soke a bakin mayafinta, ta ce a bar shi.

Wannan karon ta ƙofar gaba aka fitar da ita, don Manaja ya ɗauko motar haya har bakin gida, kuma yana so unguwa ta shaida. Ya tsaya a kan daɓensa yana ba direba umarni ya tafi a hankali, yayarsa ce, ba shi da kamarta. Madam ta kawo mata bokiti ɗaya daga cikin ukun nan, ta ce ta tafi da shi, ai nata ne.

Na riƙe hannunta ta tagar mota. Hannun ya zama kamar kara.

Direban, wani mai surutu, ya leƙa ta gilashi ya ɗaga kai sama, ya ce, “Kai! Iya, gidanku ne wannan? Wannan rufi ya haɗu. Mai gidan nan ya san abin da yake yi.”

Yaya ta sunkuya ta leƙa ita ma. Ta daɗe tana kallo, tun daga tsinin har leɓen, rana tana wasa a kan shuɗin.

Ta ce, “Ya yi kyau ƙwarai, ɗana. Ni ma yau na fara ganinsa ta gaba. Ja mu tafi.”